Jiki da Ƙarfe: Ɗaurawa da Daidaita Kayan Aiki a Kan Keken Kishingiɗa Mai Ƙafa Uku

Gabatarwa

Tela ba ya sa almakashi a yadi sai ya auna mai riga, tun daga wuya har zuwa inda hannu ya tsaya. Idan ya kuskure awo, iyakar abin da zai faru shi ne riga ta matse ko ta yi yawa. Akwai wani keke da shi ma sai an auna mutum kafin a haɗa masa shi, amma kuskure a nan ya fi na tela tsada. Santimita biyu kacal suna iya jawo ciwon gwiwa na watanni, jaka guda da aka ɗaure inda bai dace ba kuma tana iya kifar da mahayi a kwana. Wannan shi ne keken kishingiɗa mai ƙafa uku.

Kada mai karatu ya ɗauka babur mai ƙafa uku ake nufi, wanda Kanawa ke kira A Daidaita Sahu. Wannan keke ne da ake tuƙawa da ƙafa. Mahayinsa yana zaune a kujera mai majingina, dab da ƙasa, bayansa a jingine, ƙafafunsa a miƙe gaba inda feda take. An fi ƙera shi a Turai da Amurka da Ostireliya, kamfanoni irin su ICE a Ingila, da HP Velotechnik da Hase a Jamus, da Catrike a Amurka. Tuƙa keke a kishingiɗe ba sabon abu ba ne. A shekarar 1933 wani Bafaranshe mai suna Francis Faure ya yi tafiyar kilomita 45 da mita 55 cikin awa ɗaya a kan keken kishingiɗa mai ƙafa biyu wanda Charles Mochet ya ƙera, ya shafe bajintar da aka sani a lokacin. A 1934 hukumar tseren keke ta duniya, wato UCI, ta haramta irin wannan keke a gasanninta.

Mai ƙafa uku iri biyu ne. Akwai mai ƙafa biyu a gaba da ɗaya a baya, wanda Turawa suka laƙaba wa sunan talibambam, ɗan kwaɗon nan mai faffaɗan kai da siririyar wutsiya. Akwai kuma mai ƙafa ɗaya a gaba da biyu a baya. Mafi yawan bayanin da ke tafe ya shafi na farkon. Da yawa daga cikin masu hawa wannan keke tsofaffi ne, ko waɗanda suka yi fama da shanyewar ɓarin jiki, ko masu ciwon baya, ko waɗanda jiri ba ya barin su su tsaya a kan ƙafa biyu. Ke nan jikin da ake daidaita wa keken sau da yawa jiki ne da ba shi da rarar ƙarfin jure kuskure.

Abin da darasin nan ke son nunawa shi ne, kowane abu da aka ɗaura a keken yana amsa wata buƙata ce ta jikin ɗan Adam, kuma akwai tsarin da ake bi. Ana farawa da abin da ke ɗauke da jiki, sa'an nan abin da ke kare rai, daga ƙarshe abin da ke ɗaukar kaya.

Kujera da Ƙashin Baya

A kan keken da aka saba da shi, nauyin mutum yana sauka a kan ɗan ƙaramin sirdi, yana danne jijiyoyin da ke tsakanin cinyoyi, wani kaso kuma yana sauka a wuyan hannu. Kujerar keken kishingiɗa tana baza wannan nauyi a kan ɗuwawu da gadon baya gaba ɗaya. Dalilin da ya sa masu ciwo suke son sa ke nan.

Majinginar kujerar tana da ramuka ko wani ƙarfe mai zamewa da ake ɗaga ta ko a kwantar da ita. Idan aka miƙar da ita sosai, mahayi zai fi ganin hanya, tashi daga kujera ma zai fi sauƙi, amma nauyi zai koma kan tsokar ɗuwawu, ga shi kuwa ita ce ke aikin tura feda. Tsokar da ke aiki alhali ana danne ta ba ta samun isasshen jini, shi ya sa take yin zugi bayan tafiya mai nisa. Idan kuma aka kwantar da majingina sosai, iska ba za ta tokare mahayi da yawa ba, sai dai wahalar ta koma wuya. Kan babban mutum yana da nauyin kilogiram 4 da rabi zuwa 5, ƙasusuwa 7 na wuya da tsokokinsu ke riƙe da shi. Mutumin da ya kishingiɗa dole ya sunkuyo da haɓarsa domin ya ga gabansa, tsokokin gaban wuya kuwa ba su saba da doguwar hidima irin wannan ba.

Maganin wannan shi ne matashin wuya. Ana ɗaura shi a saman majingina, a daidaita shi yadda zai taɓa wuya a ƙasan ƙeya, ƙarƙashin bakin hular kwano. Idan ya yi sama ya riƙa dukan hular, zai turo ta ta rufe ido, kuma kowane gargada na hanya zai bi ta ƙarfe ya isa kai kai tsaye. Haka nan, ƙashin bayan mutum yana da ɗan lanƙwasa zuwa ciki a daidai ƙugu. Kujerar raga tana da maɗauran igiya a bayanta. Ana ɗame na daidai ƙugu, a ɗan sassauta na ƙasa, domin kujera ta bi siffar baya. Sai an gama da kujera sa'an nan a taɓa wani abu, domin duk sauran awo daga gare ta yake tashi.

Tsawon Ƙafa da Lafiyar Gwiwa

Feda tana manne a ƙarshen wani bututu da ke zurawa cikin gangar jikin keken, ana jawo shi waje ko a tura shi ciki gwargwadon tsawon mahayi. Tsayin mutum a tsaye ba ya da amfani a nan, domin mutum biyu masu tsayi ɗaya suna iya bambanta a tsawon ƙafa. Awon da ake yi shi ne, mutum ya zauna a ƙasa, ya manna bayansa da bango, ya miƙe ƙafafu, a auna daga bango zuwa ƙasan dunduniya. Wannan awo ne masu ƙera keke ke tambaya.

Bayan haka sai gwaji a kan keken. Mahayi ya zauna yadda zai yi tafiya, ya ɗora dunduniya a kan feda, a juya ta zuwa wuri mafi nisa. Idan ƙafa ta miƙe sambal ba tare da ƙugu ya zame gaba ba, an kusa daidai. Da zarar ya mayar da gaban tafin ƙafa kan feda, gwiwa za ta ɗan lanƙwashe. Masu nazarin motsin jiki suna son wannan lanƙwasa ta tsaya tsakanin digiri 25 da 35.

Dalilin wannan ƙa'ida yana cikin ginin gwiwa. Ƙoƙon gwiwa yana zamewa ne a cikin wani kwari da ke ƙarshen ƙashin cinya, babbar tsokar gaban cinya ce ke jan sa. Gwargwadon yadda gwiwa ta lanƙwashe a lokacin da ake tura nauyi, gwargwadon yadda ƙoƙon ke danne ƙashin da ke ƙarƙashinsa. Saboda haka idan bututun ya yi gajarta, ciwo kan fito a gaban gwiwa. Idan ya yi tsawo, jijiyoyin bayan gwiwa da na agara su ne ke shan ja, ciwo ya fito ta baya. Wurin da ciwo ya fito yana gaya wa mai gyara inda zai matsar da bututu. Wani haɗari na musamman ga wannan keke shi ne, majingina tana ba mahayi abin tokarawa, har ya iya tura feda da ƙarfin da ya zarce nauyin jikinsa. Gwiwa ce ke biyan kuɗin wannan ƙarfi. Gara a sa giya mai sauƙi a riƙa juyawa da sauri.

Ana matsar da bututun kaɗan-kaɗan, kamar milimita 5 a lokaci guda, a gwada tafiya kafin a ƙara. Kuma a tuna da sarƙa. Tana zuwa gaba ta dawo, saboda haka idan aka jawo bututu da santimita 2 da rabi, sarƙa tana bukatar ƙarin kusan santimita 5, wato ƙwayoyi 4, tun da tsakanin kusa da kusa a sarƙar keke milimita 12.7 ne. Sarƙar da ta yi gajarta tana iya karya na'urar sauya giya ranar da aka hau babbar giya gaba da baya. Ga wanda gwiwarsa ba ta lanƙwasawa sosai, ana sa masa gajeren hannun feda, mai milimita 150 ko 155 a maimakon 170 da aka saba, domin da'irar da ƙafa ke zagayawa ta ragu.

Abin da Ke Riƙe Ƙafa a Kan Feda

Idan da abu guda za a saya wa keke mai ƙafa biyu a gaba, to wannan ne. A kan keken da aka saba da shi, nauyin ƙafa yana danna ta a kan feda. A keken kishingiɗa tafin ƙafa yana fuskantar gaba, saboda haka nauyin ƙafa yana jan ta ne ta sulluɓe ƙasa. Idan keke ya faɗa rami ko tsoka ta gaji, ƙafa tana iya zamewa ta taɓa ƙasa. Takalmi ya kama kwalta ya tsaya, keke kuwa yana ci gaba da gudu. Ƙarfen gicciye da ke riƙe ƙafafun keken na gaba sai ya daki bayan ƙwauri, ya naɗe ƙafar a ƙarƙashinsa. Wannan yana iya karya ƙashin ƙwauri ko idon sawu, ko ya yaga jijiyoyin gwiwa, kuma yana faruwa kafin hannu ya kai ga birki.

Hanyoyin rigakafi uku ne. Ta farko ita ce feda mai kama takalmi: ana ɗaura wani ɗan ƙarfe a ƙasan takalmi wanda ke shiga feda ya kulle, ba ya fita sai an murɗa dunduniya waje. Kamfanin Look na Faransa ya fito da irinta a 1984, Shimano na Japan kuma ya fito da tasa mai suna SPD a 1990. Masu keken ƙafa biyu suna jin tsoronta domin mutum na iya faɗuwa kafin ya zare ƙafa, amma mai ƙafa uku ba ya bukatar sa ƙafa a ƙasa idan ya tsaya. Ta biyu ita ce igiya ko ɗan kwando da ke tallafe dunduniya daga ƙasa. Ta uku ita ce feda mai faɗi da maɗaurai, har da abin da ke riƙe sha-raɓa, ga wanda ƙafarsa ɗaya ta shanye.

Wasu mahaya sukan ji yatsun ƙafa sun mutu ko suna zafi bayan tafiya. Ƙananan jijiyoyin da ke ratsawa tsakanin ƙasusuwan gaban tafin ƙafa ne ke matsuwa, ga kuma ƙafa a ɗage, jini bai cika sauka gare ta kamar na mai tsaye ba. Ana rage wannan ta hanyar matsar da ɗan ƙarfen takalmin baya kaɗan wajen tsakiyar tafin ƙafa, da sassauta igiyar takalmi.

Ido, Wuya da Madubi

Idanun mutum biyu suna ɗaukar kusan digiri 200 daga gefe zuwa gefe. Wuyan matashi lafiyayye yana juyawa kusan digiri 70 zuwa 80 kowane ɓari, kuma wannan yana raguwa da shekaru. Mai keken tsaye yana cike gurbin da ya rage ta hanyar murɗa ƙugu da kafaɗa ya waiga. Mai kishingiɗa ba ya iyawa, domin bayansa a manne yake da kujera. Saboda haka madubi a gare shi madadin waiwaye ne, bai kamata a hau titi ba tare da shi ba.

Idan madubi ɗaya ne, ana sa shi a ɓangaren da motoci ke wucewa. A ƙasashen da ake tuƙi a hannun dama, irin su Jamus da Amurka da Nijar, da Nijeriya tun 1972, yana hagu. A Ingila da Ostireliya yana dama. Ana daidaita shi ne mahayi yana zaune daram a yadda zai yi tafiya, har ya ga hanyar baya da ɗan gefen kafaɗarsa ba tare da ya ɗaga kai daga matashi ba. Wannan ɗan gefen kafaɗa shi ke gaya wa ƙwaƙwalwa inda abin da take gani yake. Doguwar sanda tana sa madubi karkarwa har hoto ya dushe, don haka gajeriya mai kauri ta fi. A kuma sani cewa madubi mai tudu a tsakiya yana nuna fili mai faɗi amma yana ƙanƙantar da abubuwa, ƙwaƙwalwa kuwa tana fassara ƙanƙanta da nisa. Motar da ke cikin madubin ta fi kusa fiye da yadda ake zato.

Tuta da Fitila

Kujerar keken tana iya zama ƙasa da santimita 40 daga ƙasa, kan mahayi kuma sau da yawa bai kai tagar mota ba. A buɗaɗɗiyar hanya direba yana hango shi. Haɗarin yana mahaɗar hanyoyi da tsakanin motocin da aka ajiye, inda mota guda ke iya ɓoye keken ɗungurungum. Saboda haka ake kafa tuta a bayan kujera, a kan siririyar sanda mai lanƙwasa, ta kai tsayin mita ɗaya da rabi zuwa biyu.

Amfanin tuta yana da nasaba da ginin ido. Wurin da ke gani tar a tsakiyar tantanin ido ɗan ƙarami ne ƙwarai, bai wuce kusan digiri 2 na abin da ke gaban mutum ba. Sauran tantanin ba ya rarrabe siffa sosai, amma yana saurin kama motsi. Tutar da ke kaɗawa tana jawo gefen idon direba, sa'an nan ya juyo da tsakiyar ido ya ga mene ne. Launin ruwan lemo ko rawaya mai ƙyalli yana aiki da rana, domin yana mayar da wani haske na rana wanda ido ba ya gani zuwa wanda ake gani. Da dare wannan launi ba ya taɓuka kome. Abin da ke aiki shi ne ƙyalle mai mayar da haske inda ya fito, kamar yadda idon kyanwa ke yi idan an haska ta, saboda wani shimfiɗi mai sheƙi da ke bayan tantanin idonta.

A 1973 wani masani a Jami'ar Uppsala ta ƙasar Suwidin, Gunnar Johansson, ya ɗaura ƙananan fitilu a gaɓoɓin mutane ya ɗauki hoton motsinsu a cikin duhu. Masu kallo ba su ga kome ba sai ɗigo-ɗigon haske, amma da ɗigon suka fara motsi nan take suka gane mutum ne ke tafiya. Wannan baiwa ta ƙwaƙwalwa ita ke sa direba ya gane mai keken tsaye da dare, idan ya ga abin ƙyalli na feda yana hawa yana sauka. Mai kishingiɗa ya rasa wannan gata, domin jikinsa da kujera sun tare ƙafafunsa daga baya. Dole ya rama da jar fitila mai ƙarfi, a ɗaure ta a wuri mafi tsayi na bayan kujera inda jaka ba za ta rufe ta ba. Farar fitilar gaba kuwa ana sa ta a ƙarshen bututun feda, ta yadda haskenta ba zai riƙa dukan takalmi yana dawowa ido ba.

Kaya da Cibiyar Nauyi

Keken ƙafa biyu yana karkata idan zai sha kwana. Mai ƙafa uku ba ya karkata, saboda haka idan gudu ya yi yawa ƙafar ciki takan ɗaga, keke ya kife waje. Wuraren uku da tayoyi ke taɓa ƙasa sun zana siffa mai kusurwa uku, faffaɗa a gaba, tsukakkiya a baya. Abu biyu ke hana kifewa: cibiyar nauyi ta kasance ƙasa-ƙasa, kuma ta kasance kusa da faffaɗan ɓangaren.

Ga misali da ɗalibi zai iya bi da alƙalami. A ɗauka tsakanin tayoyin gaba santimita 75 ne, daga gaba zuwa tayar baya kuma 105. Mahayi da keke sun haɗa kilogiram 90, cibiyar nauyinsu tana tsayin santimita 40, tana kuma santimita 35 a bayan layin tayoyin gaba. A daidai nan, tazarar da ke tsakanin cibiyar da gefen siffar ita ce kashi biyu bisa uku na 37.5, wato santimita 25. Idan aka raba 25 da 40 za a sami 0.625. A kwana mai faɗin mita 5 daga tsakiyarta, wannan keke zai fara ɗaga ƙafa a gudun kusan kilomita 20 cikin awa.

To, a ɗora jaka mai kilogiram 15 a saman kariya, bisa tayar baya, a tsayin santimita 75. Cibiyar nauyi za ta hau zuwa santimita 45, ta kuma ja baya zuwa 45. Tazarar gefe ta ragu zuwa 21.4, adadin ya faɗo zuwa 0.48, keken kuma zai ɗaga ƙafa tun a kilomita 17 da ɗoriya. Idan aka raba wannan kaya gida biyu aka rataye su ƙasa-ƙasa a gefen kujera, a tsayin santimita 30 da nisan 60, adadin zai tsaya a 0.615, kusan kamar ba a ɗora kome ba. Nauyi ɗaya ne, wurin ajiya kaɗai ya bambanta.

Ƙa'idar ke nan: mai nauyi a ƙasa kuma kusa da kujera, marar nauyi a sama, dama da hagu daidai wa daida. Ta shafi batirin keke mai taimakon lantarki, wanda a dokar Tarayyar Turai injinsa ba ya wuce wat 250 kuma yana daina taimako a kilomita 25 cikin awa. Batirin yana da nauyin kilogiram 3 ko kusa da haka, ƙarƙashin kujera ya fi dacewa da shi.

Ruwa, Madigadi da Birki

Jiki yana sanyaya kansa da gumi. Kowace lita da ta bushe a kan fata tana tafiya da zafi kusan kilojul 2,400, kuma mai tuƙi a rana yana iya zubar da lita guda ko fiye cikin awa. Bayan mai kishingiɗa a rufe yake da kujera, fuskarsa da ƙirjinsa kuma suna kallon rana. Kujerar raga ta fi ta roba barin iska ta ratsa. Gorar ruwa kuwa a ɗaura ta inda hannu zai kai ba sai an ɗago daga kujera ba, domin gorar da ke wuyar ɗauka ba a shan ruwanta.

Tayoyin gaba suna juyawa dab da hannuwan mahayi, ta baya kuma tana bayan ƙeyarsa. Madigadi yana tare taɓo da tsakuwa, yana kuma hana yatsu taɓa taya. A bar tazarar kamar santimita guda tsakaninsa da taya. Duk abin da aka ɗaura a maƙamar hannu, madubi ne ko ƙararrawa ko mariƙin waya, sai a murɗa sitiyari iyaka dama da iyaka hagu, a tabbatar bai taɓa taya ko cinya ba, wayar birki kuma ba ta ɗame ba. A kuma duba cewa tayoyin gaba suna kallon gaba tare: mahayi yana zaune, a auna tsakaninsu ta gaba da ta baya, awon ya zama ɗaya ko na gaba ya gaza da milimita 1 zuwa 2. In ba haka ba taya za ta cinye da wuri, ƙarfin mahayi ya tafi a banza.

A yawancin waɗannan kekuna, kowane hannu yana kama birkin taya ɗaya, saboda haka matse ɗaya kaɗai yana iya jan keke gefe. Wanda hannunsa ɗaya ya shanye ana haɗa masa birkin biyu da giya a ɓangaren mai lafiya. Birkin ajiya shi ma wajibi ne, domin keken ba ya kwanciya a ƙasa kamar mai ƙafa biyu. Yana iya gangarawa a daidai lokacin da tsoho ya dafa shi zai miƙe.

Ɗauri

Jijjigar hanya tana kwance noti, ɗauri fiye da kima kuma yana lotsa bututun alminiyam. Ƙananan kusoshi masu kaurin milimita 5 sukan bukaci ƙarfin murɗi kusan niyuton-mita 5, kwatankwacin a rataya kilogiram 5 a ƙarshen sifana mai tsawon santimita 10. Idan mai ƙera keke ya rubuta nasa adadi, shi za a bi. A sa ɗan yankin robar tsohon tiyub a ƙarƙashin maɗauri domin kada ya zame ko ya kankare fenti. Kada a huda gangar jikin keke. Kada a bar igiya tana reto kusa da sarƙa ko taya. A canza abu ɗaya a lokaci guda, a yi wa tsohon wuri alama, domin idan ciwo ya zo a san mafarinsa. Bayan tafiyar farko a sake bin kowane noti.

Keken Guragu

Wannan ilimi yana da wurin aiki a ƙasar Hausa. Tun wajen 1655 wani mai gyaran agogo a kusa da Nuremberg ta Jamus, Stephan Farffler, wanda ba ya iya tafiya, ya ƙera wa kansa keke mai ƙafa uku da ake juyawa da hannu. Jikokin wannan keke su ne waɗanda masu walda ke haɗawa a Kano da Jos da sauran garuruwa, masu ƙafa ɗaya a gaba da biyu a baya. An ga ƙwayar cutar shan inna ta daji ta ƙarshe a Nijeriya a Jihar Borno a 2016, kuma ranar 25 ga Agusta, 2020 aka tabbatar ta kau daga yankin Afirka. Amma waɗanda ta riga ta shanye wa ƙafafu suna nan, kuma kekunansu su ne ƙafafunsu.

A gare su kafaɗa ce ke matsayin gwiwa. Gaɓar kafaɗa ba ta da zurfin gurbi kamar ta kwatangwalo, tsokoki ne ke riƙe da ita, don haka tana saurin raunana. Bai kamata tsakiyar abin juyawa ta wuce tsayin kafaɗa ba, kuma gwiwar hannu ta rage da ɗan lanƙwasa a wuri mafi nisa. Kayan talla da ake ɗorawa a baya suna faffaɗan ɓangare, amma idan suka wuce layin tayoyin baya sai tayar gaba, wadda ita ke ja, ta yi sauƙi ta riƙa sulɓi a hawa. Shan inna tana lalata ƙwayoyin laka masu motsa tsoka, ba ta taɓa ji ba, saboda haka mai ita yana sanin lokacin da kujera ke cutar da shi. Wanda lakarsa ta tsinke a haɗari kuwa ba ya ji, fatar da ke ƙarƙashin ƙasusuwan zama tana iya mutuwa ta zama gyambo bai sani ba. Shi matashin zama a gare shi magani ne. Jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008 a kan samar da kekunan naƙasassu ta nanata cewa a auna mutum, a daidaita masa, a koya masa, a kuma riƙa bibiya. Yaro yana girma, keken da ya yi masa daidai bana zai matse shi baɗi. Ƙungiyar da ta raba kekuna ɗari masu awo ɗaya ba ta gama aikinta ba tukuna.

Aikin Aji

1. Ɗalibai su auna tsayin junansu a tsaye, sa'an nan awon bango zuwa dunduniya. A nemo mutum biyu masu tsayi ɗaya a kwatanta awonsu na biyu.

2. A yanka kwali mai kusurwa uku, santimita 15 a gindi da 21 a tsawo, a kafa masa murfin kwalba uku a kusurwoyi. A manna batirin tocila kusa da gindi, a ɗora a kan allo, a riƙa ɗaga gefen allon har ya kife. A maimaita da batirin a kusa da tsini, sa'an nan a bisa akwatin ashana. A auna tsayin gefen allon kowane karo.

3. A sake lissafin cibiyar nauyi da kaya mai kilogiram 25 a saman kariya.

4. Me ya sa ƙafa ta fi saurin zamewa daga feda a keken kishingiɗa?

Kammalawa

Bahaushe ya ce daidai ruwa daidai tsaki. Kujera tana bin ƙashin baya, bututun feda yana bin gwiwa, madubi yana cike abin da wuya ya kasa, tuta tana magana da gefen idon direba, kaya kuma suna bin cibiyar nauyi. Ɗalibin da ya fahimci dalilan nan yana iya tsayawa gaban mai walda na unguwarsu da tef ɗin awo a hannu, ya nuna masa inda za a sauke abin juyawa da santimita biyar, ya kuma faɗi abin da hakan zai yi wa kafaɗar mai keken nan da shekara goma.